Na Tafi Lome Neman Batir

Ana sallame sallar asuba muka bar Agege, ni da wani abokina ɗan kasuwar atamfa da ya san hanyar Lome kamar hanyar gidansu. Ni kuwa wannan ne zuwana na farko. Jakata ɗaya ce, kaya kala uku a ciki, sai mitar gwada wuta, da dambun naman da maiɗakina ta yi wa Goggo, ƙanwar mahaifina da aure ya kai ta Togo tun ban yi wayo ba.

Bari in faɗi abin da ya fitar da ni. Sana'ata aikin wutar lantarki, na fi shekara ashirin ina ja wa mutane waya a gidaje. Da harkar sola ta shigo sai na faɗa mata ba tare da na zauna gaban kowa ba, don a ganina duk waya ce. Bara aka ba ni aikin ɗakin haihuwar unguwarmu. Na ɗora faranti shida a rufi, na haɗa batura huɗu, don fitilu da firjin da ake ajiye allurar rigakafin jarirai. Ba a yi wata biyar ba firjin ya fara mutuwa kafin gari ya waye. Wata safiya Sista, mai kula da wurin, ta sa aka kwashe allurai aka zubar saboda sun ɗumama, iyaye mata suka koma gida da goyonsu ba a yi musu ba. Na rantse batura ne jabu, har muka ɓata da wanda ya sayar mini. Sai aka ce mini na ƙwarai ta tashar jirgin ruwan Lome suke shigowa. Shi ya sa na ɗauki jaka.

Daga Badagiri zuwa Seme tsayawa ta fi tafiya yawa. Na fara ƙirga shingaye, da na ga abin ba mai ƙarewa ba ne sai na bari. A kan iyaka aka buga mana hatimi, muka canji kuɗi wurin wani Bazabarme mai jaka a wuya, muka hau wata mota zuwa Kutonu. Abin da ya fara ɗaukar idona a ƙasar Binin shi ne fetur a manyan kwalabe a bakin titi, an jera su a kan tebur kamar manja, da 'yan acaɓa masu rigar ruwan ɗorawa da suka cika gari. Can ba a cewa acaɓa, zemijan ake cewa, kuma har Togo sunan ke nan. Muka ci burodi mai tsawo da soyayyen ƙwai a tasha. Ɓawonsa ya kusa yanke mini dasashi, amma ya riƙe ni har la'asar.

Daga Kutonu hanya ta kwanta. Bishiyoyin kwakwa a jere, teku na leƙowa ta hagu yana ɓuya. Muna ƙetare iyakar Togo agogon wayata ya ja baya da awa guda, abokina ya ce wannan ce kaɗai kyautar da zan samu a tafiyar, in riƙe ta da kyau. Muka wuce Aneho, muka wuce Bagida inda masunta suka janyo kwale-kwale kan yashi suna ɗinkin raga. Sai ga tashar jirgin ruwa. Tireloli ne iya ganinka, lambar Burkina, lambar Mali, lambar Nijar, direbobi sun shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashinsu suna dafa shayi. Na jiyo wani yana zagin yaron motarsa da Hausar Maraɗi, nan take na ji hankalina ya kwanta.

Zango, unguwar Hausawan Lome inda Goggo take zaune, ba a tsakiyar gari yake ba, yana can arewa, sai ka sake hawa mota. Goggo ta ce da can a cikin gari suke, aka tashe su aka maido su nan, lokacin duk daji ne. Ta tsufa, amma murya na nan. Ta kama hannuna ta daɗe ba ta saki ba, tana tambayar mutanen garinmu Zariya ɗaya bayan ɗaya, rabinsu sun rasu, ni ne mai faɗa mata.

Hausar Zango sai ka buɗe kunne. Bakotokoli da Bazabarme da Bayarabe duk da ita suke ciniki, an zuba mata Faransanci da yaren Mina. Wutar lantarki kuran ce, makaranta lakwal. Wasu samarin ba ruwansu da mace ko namiji, sai ka ji an ce Goggo ya tafi kasuwa. Washegari da safe na sayi koko da ƙosai, mai sayarwa ta ce dala arba'in. Na tsaya ina kallonta, ina lissafin dalar Amurka, sai da wata mata a layi ta yi dariya ta nuna mini ƙwandaloli biyu na sefa ɗari-ɗari, ashe dalarsu sefa biyar ce. Da rana aka kawo mini ayimolu, shinkafa da wake ce da miyar barkono baƙa da soyayyen kifi. Na yi ƙari ba kunya.

A gidan akwai jikar Goggo, Rakiyatu, 'yar shekara ashirin da biyu, tana karatun makamashi a jami'ar garin. Da yamma muna zaune a tsakar gida na ba su labarin abin da ya kawo ni, har na fito da waya na nuna musu hoton aikina a kan rufi, don ina alfahari da shi. Rakiyatu ta daɗe tana kallon hoton. Ta tambaye ni ƙarfe nawa na ɗauke shi, na ce bayan azahar. Ta tambayi ko na auna abin da farantan ke bayarwa da yamma. Na ce mata na fara wannan aiki ba a haife ta ba. Ta ce haka ne, Kawu, ta miƙo mini wayata.

Daga baya ta ce gobe Alhamis sashensu zai buɗe wa jama'a filin gwaji, ko zan je. Na ce shagunan batir zan zagaya. Goggo ta ce shaguna ba gudu za su yi ba, in raka yarinya, tun da ta fara karatun nan ba wani babba daga gidan da ya taɓa zuwa ya ga abin da take yi. Maganar Goggo ba a mayar da ita.

Jami'ar na kan hanyar shiga gari, fili ne babba mai bishiyoyi da jar ƙasa. Filin gwajin yana bayan wani gini, an kewaye shi da waya. Na zaci zan tarar da manyan baƙi a kan kujeru, sai na tarar da 'yan sakandare da malamansu, da wasu mata masu bandar kifi daga Bagida, da manoman lambu. Ɗalibai ne ke bayani, kowa a gaban abin da ya haɗa, da Faransanci ko Mina, Rakiyatu na juya mini.

Akwai wani akwati mai rufin gilashi da ake busar da barkono da kifi a ciki, ba ƙuda ba hayaƙi. Matan Bagida suka kewaye shi, ɗaya ta ɗauki kifin ta shinshina, ta tambayi yadda za a yi da damina in rana ta ƙi fitowa kwana uku. Ɗalibin ya ce gaskiya a nan ne suka maƙale, suna kan gwada ƙara masa murhu. Matar ta ce in sun gama su neme ta. Akwai rami da ake zuba ragowar abincin kantin ɗalibai, gas ya fito ta bututu, a kansa suka dafa mana shayi. Wani dattijo ya ƙi sha sai da aka rantse masa ragowar abinci ce kawai a ramin. Akwai kuma wani faifai mai ƙyalli kamar na tauraron ɗan'adam da ke tara rana a gindin tukunya. An ɗora ruwa ke nan gajimare ya taso, muka yi ta tsayuwa, ruwa ya ƙi tafasa. Mai shi ta ce mu ma mun ga aibinsa da idonmu. Wannan ya burge ni. A kasuwa ba wanda zai nuna maka inda kayansa suka gaza.

Na Rakiyatu famfo ne. Faranti uku a jere, waya ɗaya ta bi ta cikinsu zuwa injin da ke jan ruwa daga tanki yana zubawa a baho. Rana ta dawo, ruwa na fita da ƙarfi. Sai ta miƙo mini littafinta ta ce, "Kawu, ɗora wannan a kan na tsakiyan. Gefe ɗaya kawai."

Na ɗora. Kukan injin ya sauya, ruwan ya yi sanyi har ya koma kamar ana tsiyayawa daga buta. Na ɗauke, ya dawo. Na sake ɗorawa, ya sake faɗuwa. Ta yi wa jama'a bayani cewa in an jera faranti a layi ɗaya, inuwar da ta taɓa ɗaya tana jan sauran ƙasa, batir kuma in kullum bai cika ba, a hankali yake mutuwa.

Ban ji ƙarshen bayanin ba. Na koma gefe na buɗe hoton nan. Tankin ruwan ɗakin haihuwa yana yamma da rufin, a kan dogon ƙarfe. Ga inuwarsa nan kwance a kan faranti biyu, baƙa ƙirin, a hoton da ni na ɗauka da hannuna, na kuma nuna wa mutane sun fi hamsin.

Malaminsu, wani mai furfura da ba ya ɗaga murya, ya zo ya duba hoton. Ya tambaya ta bakin Rakiyatu ko baturan huɗu duk sababbi ne. Na ce uku ne sababbi, na huɗun wani ne da ke ajiye a shagona, na ga da sauran ƙarfinsa. Ya ce tsohon shi ke shanye sababbin. Na jira ya yi dariya, bai yi ba. Ya nuna mini wani mangwaro da aka sare wa reshe a bakin waya, ya ce su ma sai da suka kashe batura biyu a filin nan kafin su gane. Ya zaunar da ni a benci kusan awa guda, muka lissafa abin da firji da fitilu ke ci, da abin da rana ke bayarwa a watannin ruwa. Ya kuma gaya mini akwai firjin allura da ba ya buƙatar batir sam, da rana yake haɗa ƙanƙararsa ta riƙe shi har gobe, ya ce in faɗa wa masu asibitin su nema.

Muka hau motar komawa Zango. Can na tambayi Rakiyatu ko da gangan ta ba ni littafin.

Ta ce, "Tun jiya na ga inuwar, Kawu. Ban so in faɗa a gaban Goggo ba. Na san in kai ka ɗora da hannunka, ba sai na ce komai ba."

Na ce Allah ya yi mata albarka.

Ranar Juma'a na yi salla a babban masallacin Zango, sahu har kan titi. Goggo ta tambaye ni yadda na ga karatun jikarta, na ce ta bar ta ta yi har inda ya ƙare, in ana neman shaida ni ne. Asabar da safe muka kamo hanya. Abokina ya cika bayan mota da atamfa, ni kuwa takarda biyu na ɗauko, lissafin malamin nan da Rakiyatu ta rubuta mini, da gari da man kwakwa daga Goggo. Har Seme yana tsokanata, wai bai taɓa ganin wanda ya ƙetare ƙasa biyu ya sayo takarda ba.

Mun iso Agege bayan la'asar. Ban shiga gida ba sai da na biya ɗakin haihuwa, na tsaya a tsakar gidan na ɗaga kai. Inuwar na nan inda take. Na sami Sista na gaya mata laifin nawa ne daga farko har ƙarshe. Ta ce ita ba ruwanta da mai laifi, firji take so ya kwana da sanyi. Washegari na je wurin mai batir na ba shi haƙuri a gaban maƙwabtan shagonsa, tunda a gabansu na kira shi macuci. Ya haƙura, amma sai da ya sa na maimaita. A cikin makon na mayar da farantan ɗaya gefen rufin, na cire tsohon batirin, na sauya waɗanda suka lalace. Yau mako shida ke nan ba a zubar da allura ko ɗaya ba.

Abin da na koyo a tafiyar nan bai da yawa. Daɗewa a sana'a ɗaya ba ta sa ka san maƙwabciyarta, kuma na yi saurin ɗora wa wani laifi don kawai ban so in duba aikina. Yanzu in aka kira ni aikin sola, ba na zuwa da tsani ranar farko. Kujera nake nema, in zauna a gidan daga hantsi har yamma ina kallon inda inuwa ke bi. Makon jiya wata Hajiya ta leƙo sau uku ta gan ni zaune ina kallon rufinta, a na huɗu ta aiko mini da tuwo, ta ce a tambaye ni ko lafiya. Na ce a gaya mata aikin ne na fara.