Ranar da na kai ƙarar Kakana gaban dattawa

Bana shekara talatin da ɗaya ke nan da rasuwar Kaka Iliya, mahaifin mahaifiyata, kuma sai yanzu na iya rubuta abin da na yi masa.

An haife shi tun Turawa ba su ci Sakkwato ba. Yana ɗan shekara shida ko bakwai mahara suka faɗa wa ƙauyensu, aka ɗaure shi da uwarsa a igiya ɗaya. A wata kasuwa aka raba su: ita aka yi arewa da ita, shi aka sayar da shi ga wani mai shanu kusa da garin Araba. Bai ƙara ganinta ba. Da girmansa ya karɓi bishara, ya zauna Illela yana noman albasa. A 'yar majami'armu ta zana, shi ke buɗe sujada da addu'a.

Ni kuwa na dawo daga makarantar horar da masu wa'azi, kaina cike da amsoshi. Wata Lahadi na yi wa'azi a kan ikon Allah, na kafa misali da shi yana zaune. Na ce Allah ne ya tsara kama shi da sayar da shi tun fil'azal, domin ya kai ga jin bishara. Jama'a suka ce amin.

Da yamma na same shi a fadama yana ban ruwa. Bai ɗago ba ya ce, "Mi kac ce ɗazu, jikana? Allah ne yas sayar da innata?"

Na fara bayani. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Ni ina wurin. Na ga mai saye, na ga mai sayarwa. Mutane ne. Allah ya bar musu ƙofa buɗe, su yi ko su bari, suka yi. In kana neman inda yake ran nan, yana cikin igiyar tare da mu. Wanda aka gicciye ba ya tsayawa wajen masu ciniki."

Na ji kamar ya rage wa Allah iko. Gaskiyar ita ce na ji haushi tsoho marar karatu ya gyara mini wa'azi. Na kai maganar gaban dattawa, na ce koyarwarsa ta karkace. Suka hana shi addu'a a gaban jama'a. Bai yi musu ba. Ya koma tabarmar baya, kuma bai fasa zuwa ba har ƙafafunsa suka gaza.

Da yana jinyar ajali ya aika a kira ni in yi masa addu'a. Na yi doguwa, ya ce amin. Ban ce ya yafe mini ba. Bayan kwana biyu ya cika.

Yau Illela ta cika da babura da masu canjin kuɗin sefa, amma a ƙauyukanmu an koma kama mutane ana shiga daji da su. Ina jin da Kaka yana raye ba zai yi mamaki ba, zai dai tambayi sunan uwar kowane wanda aka ɗauka. Har yanzu ban warware yadda ikon Allah da muguntar mutum suke zama a duniya ɗaya ba. Na dai daina faɗa wa mai kuka cewa hawayensa shirin Allah ne.

Matasan majami'armu ba su san sunansa ba. Amma tsofaffin matan da suka yi zamani da shi, in sun je jaje, ba sa yin bayani. Sukan zauna ƙasa kusa da mai makoki, su ce, "Allah yana nan tare da ke." A bakinsa suka ji. Ni mai takardar shaida, a bayansu nake zama yanzu, ina koyo.