Haɗin Goggo da Hukuma Ta Yaba

Tun tana budurwa ba wanda ya taɓa yabon fuskar Goggo Hanci, ita ma kuma ba ta roƙi a yi mata ƙarya ba. Rabon da Allah ya ba ta wuri ɗaya ya tara mata shi, a tsakiyar fuska, ya yi masa ƙofofi biyu masu faɗi. Takan ce da an raba hancin nan bisa adalci, da ƙannenta mata duk sun samu har a ajiye wa jikoki. Amma da shi ta ci ta sha, da shi ta yi sutura, saboda haka ko ka yi dariya ita za ta riga ka.

A kamfanin taba ta fara aiki, ɗakin tantance ganye. Sai ta ɗaga dami, ta kai hanci, ta ce wannan ya nuna, wannan ya sha ruwa a hanya, wannan ruɓa ta fara cinsa ta ciki. Ita dai ba ta taɓa sa karan sigari a baki ba. Mijinta ne, Allah ya jiƙansa, ya sha nasa ya sha nata, ya tafi lahira da tarinsa. Da kamfanin ya rufe sai ta dawo gida, hanci ya rasa aikin yi, ya koma sa ido a tukwanen maƙwabta. Kafin mai girki ta san abincinta ya kama, Goggo ta leƙo ta katanga ta gaya mata.

Ɗan ƙanenta ne ya ceci unguwa daga gare ta. Ya buɗe shagon sigarin lantarki, irin wanda ake ɗura wa ruwa a yi caji, mutum ya zuƙa ya fesar da tururi. Shagon siriri ne, tsakanin mai aski da mai gyaran waya. Daga gaba kanta ce ta gilashi, daga baya kuma wani ɗan ɗaki mai teburin ƙarfe, da ƙaramin sikeli, da sirinji, da jarkoki, da fanka mai juya kai kamar tana musu. Nan ya zaunar da ita ta riƙa haɗa ƙamshin ruwan. Tun ranar da ya sayo kujera mai juyawa ta sa masa suna Manaja, sunan ya bi shi har gidan surukansa.

Ɗakin nan ya mayar da ita mutum. Ta haɗa mangwaro da na'ana'a, ta haɗa kankana da lemo, ta yi wani na abarba da masu tasi ke bin layi a kansa. Ba ta zuƙa, ɗigo ɗaya take sawa a bayan hannu ta shinshina, ta ce a ƙara ko a bari.

"Dubi tsufana," takan ce wa mai aski. "Carbi a dama, sirinji a hagu. Na yi ƙuruciya ina zaɓar wa maza abin da zai kwantar da su, yanzu da furfura ina shafa masa turare."

Ana nan sai gwamnati ta tuna da su. Wata safiya Manaja ya shigo ɗakin baya da waya a hannu, fuska kamar an aiko masa da rasuwa.

"Goggo, an kashe mu. An hana duk wani ƙamshin 'ya'yan itace da na alewa. Wai shi ke janyo yara."

"To ƙarya suka yi? Ni kaina na abarbar nan sau nawa na so in zuba shi a shayi."

"Goggo, ba wasa nake ba. Ƙamshin taba kaɗai aka bari. Shi ma sai an kai ɗakin gwajin hukuma an yi masa rajista, kowane haɗi da kuɗinsa. Ƙarfina na haɗi ɗaya ne tak. In ya karɓu, ɗakin nan ya tsira. In bai karɓu ba, sai dai in riƙa saro na babban kamfani a rufe cikin kwali, kamar kowa."

Bai ƙarasa ba, amma ta ji sauran. Kwalbar da ta zo a rufe ba ta bukatar hancin kowa. Sai dai maimakon gabanta ya faɗi, wani daɗi ne ya taso mata tun daga tafin ƙafa. Taba! Duk faɗin garin nan wa ya san taba kamar ta? Yaran da ke haɗa ruwa a sauran shaguna ko ganyen ba su taɓa gani ba sai a hoto.

"Share hawayenka, Manaja. Gwamnati ba ta sani ba, ni ta yi wa doka."

Ya kawo mata ƙananan kwalabe na ruwan ganyen taba kala-kala. Yana ajiyewa ya ce, cikin ladabi, ya ji masu sana'ar na cewa haɗin taba ba kamar na mangwaro ba ne. Na mangwaro yau ka haɗa yau ka ji shi. Na taba sai an rufe shi a duhu ya yi makonni ya tsumu, sannan ƙarfinsa ke fitowa.

Ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Ni za ka koya wa taba? Ranar da na fara shinshina ganye, ubanka ma da gajeren wando yake yawo."

Manaja ya koma kan kujerarsa mai juyawa.

Ta haɗa na farko ta kai hanci, ta ji shi salam kamar ruwan wanke kofi. Ta ƙara. Ta sake shinshinawa, ta ƙara. Abin da ke kanta shi ne ɗakin tantance ganye da rana tsaka, warin da ke kama zane ya bi mutum har gado, kuma ta rantse sai ta sa shi a kwalba. Tun hantsi take abu ɗaya har la'asar. Duk mai wannan aiki ya san hanci na gajiya, in ya daɗe a kan wari ɗaya sai ya daina jinsa, dole a fita a sha iska. Goggo ma ta sani, ita ta koya wa wasu. Amma a ganinta wannan dokar ta ƙananan hantuna ce. Da ta ga har yanzu ba ta ji abin da take nema ba, sai ta tuntsura sauran kwalbar ruwan ganye mafi duhu gaba ɗaya, ta girgiza, ta ce a kai wa hukuma.

Aka kai. Ta cika jarkoki da irinsa ta jera a kabad, don kada a zo ana rububi a rasa. Sannan ta tafi gida hutawa, tunda ba abin haɗawa sai sakamako ya fito. Ruwa kuwa ya samu duhu da zaman lafiya, ya yi ta tsumuwa abinsa. Da launin shayi aka rufe shi, ya koma launin tsohon man inji.

Ranar da ma'aikacin hukuma ya zo duba shago, Goggo ta ci ado ta zo karɓar yabo. Mutumin siriri ne mai tabarau, da ganinsa bai saba dariya a wurin aiki ba. Ya ce haɗinsu ya wuce gwaji, sinadarin nikotin bai haura ƙa'ida ba, ba a samu wani abin zaƙi a ciki ba. Saura ya ga na sayarwa. Manaja ya ɗauko jarka ya murɗe murfi.

Hancin Goggo ya huta, ya dawo da ƙarfinsa, shi ya fara karɓar gaisuwar. Ba ɗakin tantance ganye ta ji ba. Kwatar bayan kamfani ta ji, inda ake zubar da damin da ita da kanta ta ce ya ruɓe. Ma'aikacin ya cire tabarau ya goge ido, ya yi tari, sannan a karo na farko ya yi murmushi.

"Mama, ke kika haɗa wannan?"

"Ni ce," ta ce, da wata 'yar murya da ba ta san tana da ita ba.

"Wallahi da kowa zai yi irin naki da mun huta. Duk shagon da muka je sai mun kama su sun saƙala ɗan zaƙi a ɓoye. Wannan kuwa ba yaron da zai kusance shi ko da kuɗi aka haɗa masa. Sai dai ku kiyaye, yadda aka yi masa rajista haka za a sayar. Ko ɗigo kuka canza, ya zama sabon haɗi, sai sabon gwaji."

Ya tafi yana sa musu albarka.

Direba ne ya fara gwadawa, wani mai tasi da ya bar sigari saboda na abarbar Goggo, yake kuma kiranta uwarsa ta biyu. Ya ɗura, ya zuƙa da zuciya ɗaya irin ta mai amana. Sai ya dafa kantar gilashin. Ya daɗe a sunkuye kafin ya ɗago da jajayen idanu.

"Goggo, me na yi miki?"

"Taba ce, ɗan nan. Ta gaske."

"Na sha taba shekara da shekaru, ba ta taɓa zagina ba sai yau. In na fesa wannan a mota, fasinja ta taga zai fita."

Mai aski ya leƙo da almakashi a hannu yana tambaya ko ɓera ne ya mutu a silin. Kafin mako ya zagayo, masu saye sun koma shagon tsallaken titi, inda ake sayar da na babban kamfani, wanda aka rubuta wa taba amma ƙamshinsa bai fi na biskit da ya ɗan ƙone ba. Ashe abin da mutane ke so ke nan. Sun gudo daga taba ne, ita kuma ta tare su a hanya da uwar taba.

Manaja ya yi kwanaki yana shiga ɗakin baya yana fita, ya gyara sikeli, ya matsar da jarka. Goggo ta gaji da kallonsa.

"Kai, zauna kafin ka ƙarar da takalmi. Ka gaya mini a bar shi ya tsumu, na ce ubanka na da gajeren wando. To ga shi wandon ya fi ni hankali. Kira masu kwalin nan su kawo."

"Goggo, ba wai na ƙi..."

"Na sani. Ɗakin ma ya fi dacewa da kwali, kwali ba ya gardama."

Aka fitar da teburin ƙarfe, mai gyaran waya ya karɓa. Kwalaye suka hau juna har rufi. Goggo ta naɗe safar hannunta tana shirin komawa kan tukwanen maƙwabta, sai Manaja ya tare ƙofa yana sosa ƙeya. Ya ce dokar ta kuma ce dole a duba katin shaidar duk mai saye, a tabbatar ba yaro ba ne, shi kuwa kunya yake ji, yaran unguwa sun raina shi.

Yanzu in ka bi ta layin za ka gan ta a bakin ƙofa kan kujerar roba, ta sa tabarau ɗin da ta daɗe tana musun tana bukata. Ba ta son aikin, ta ce daga mai haɗi ta koma maigadi, saura a ba ta tocila da sanda. Amma yaran makaranta sun daina bi ta gefen titin ma. Matsalar ɗaya ce, a shekarunta kowa yaro ne. Rannan wani mai furfura a gemu ya zo zai shige, ta miƙa sandar tsintsiya ta tare shi.

"Kati."

"Haba Mama, ina da jika fa."

"Ni ma ina da su, kuma duk maƙaryata ne. Kati."