Baba Ummaru da Ƙuda Mai Farar Ƙafa

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, 14 ga Agusta, 2024, bayan Azahar, Allah Ya karɓi ran Malam Ummaru Sabo a gidansa da ke Bagama, nan Suleja, yana da shekara saba'in da ɗaya. An kai shi makwancinsa da La'asar ana yayyafi. Mutanen unguwa sun fi saninsa da Baba Mai Ƙuda. Ni sunana Muhsin, gyaran waya nake yi, kuma karatuna bai wuce aji uku na sakandare ba. Wanda ya ga gyara a rubutun nan ya yi haƙuri.

Baba, ranar da ka fara zuwa shagona ba waya ka kawo ba. Ka tsaya kana kallon madubin ƙara girman da nake duba cikin waya da shi, sannan ka zaro 'yar kwalba daga aljihu, ka ce in ara maka shi minti biyar, naka ya yi hazo, idonka ma ya soma. Da ka juye abin a faranti na leƙa, sai na ga ƙuda ne, bai kai rabin ƙwayar shinkafa ba, kore shar yana sheƙi, da ƙafafu zara-zara. Ka tambaye ni gashi nawa ne a jeri ɗaya na gadon bayansa. Na ce shida. Ka ce in sake dubawa. Na sake, na ce biyar ne, na shidan inuwa ce. Ka yi dariya, ka ce yau ka samu ido.

Daga baya na san cewa shekara talatin ka yi a wata cibiyar bincike kana kama ƙwari kana jera wa masana, kuma da ka yi ritaya aikin bai bar ka ba. Ƙudajenka ba irin na mahauta ba ne. Mafarauta ne, a kurmi suke zama, kan ganye da duwatsun bakin rafi, su cafke ƙwaron da bai kai su ba su tsotse shi. Ka koya mini in fara da ƙirga fukafukai: biyu ne kawai, a bayansu akwai 'yan ƙululu biyu kamar kan ashana. In na ga huɗu, ba ƙuda ba ne, in sake shi ya tafi. Sai jijiyoyin fiffike, waɗanda ka ce in bi su yadda nake bin layukan cikin waya, in ga inda wannan ya rabu biyu da inda wancan ya lanƙwasa. Sunayen danginsu na littafi sun ƙi zama a bakina, sai ka raɗa musu na gida. Akwai masu dogon ƙafa, irin na ranar farko. Akwai masu doro, da suke riƙe nama da ƙafa. Masu gashin baki kuma ka ce su ne 'yan fashin dangin, a sama suke kamu. Amma in ana son rarrabe ɗan'uwa da ɗan'uwansa, sai an duba ƙarshen cikin namiji da yake naɗe ta ƙasa. Ranar da ka nuna mini wannan na sunkuyar da kai, ka ce in bar kunya, Wanda Ya halicce shi bai yi shi don a kau da ido ba.

Hajiya Safara'u, maiɗakinka, takan ce ba ka korar ƙuda daga kan tuwo sai ka gama duba ƙafarsa. Da aka fara raɗe-raɗi a unguwa cewa kana ajiye giya a kwalabe, ba ka yi fushi ba. Ka kira limaminmu ka nuna masa sifirit ne da ake jiƙa ƙwari don kada su ruɓe, ka zaunar da shi gaban madubi. Liman bai tashi ba sai da ladan ya aiko a kira shi. Maman Patience mai lambu kuwa har yau tana faɗa cewa kai ka hana ta fesa wa koren ƙudan alayyafonta magani, ka ce ma'aikatanta ne, su suke cinye masu tsotsar ganyen.

Akwai abin da na yi maka wanda mutane ba su sani ba. Dokarka ita ce kowace kwalba a saka mata 'yar takarda a ciki, a rubuta wuri da rana da sunan wanda ya kama, kuma da fensir. Ban taɓa tambayar dalili ba. A damunar 2022, mako guda muka je kurmin wani rafi kusa da Garam, muka je wani a bayan Lambata, muka dawo da kwalba ashirin da shida. Ka bar mini rubutun. Na ga fensir ba ya fita da kyau, na ɗauki biro don in burge ka. Bayan kwana biyu sifirit ya koma shuɗi, takardun sun zama farare tas.

A cikin kwalaben nan akwai namiji guda, mai dogon ƙafa, wanda ƙarshen ƙafarsa ta gaba yake da faɗi, fari, kamar 'yar tuta. Ka ce ba ka taɓa ganin irinsa ba. Dakta Ibukun, tsohuwar abokiyar aikinka da take koyarwa a jami'a, ta ga hotonsa ta ce mai yiwuwa ba a taɓa rubuta shi ba, amma ƙwaron da ba a san inda aka kama shi ba, ba ta da abin da za ta yi da shi. Na ce maka na kusa tabbata na Garam ne, mu rubuta haka kawai.

“Ka gani, ko zato kake yi?”

Na ce zato ne mai ƙarfi.

“To mu je mu gani,” ka ce. Ba ka ƙara ko kalma a kan biron ba, har ka bar duniya.

Sau goma sha ɗaya na goya ka a babur zuwa Garam, saboda na kafe a kan can ne. Lambata sau biyu kawai, shi ma a gurguje. Ina kallon yadda hawan gangaren rafin yake ƙara yi maka wuya, ina sane da cewa ni na ja. Bana ba ka iya fita ba. Litinin ɗin ƙarshe da na zo gaishe ka, ka ce, “Ɗana, mun ba Garam haƙƙinta. Ka leƙa Lambata.” Na ce sai ka warke mu tafi tare. Ka yi murmushi kawai.

Lahadin da ta biyo bayan addu'ar bakwai na tafi ni kaɗai. Ban kaɗa ragar kama ƙwari ba, na zauna kawai, don na lura da daɗewa cewa masu dogon ƙafa suna son inda hasken rana ya ratso ganye ya sauka a jiƙaƙƙen wuri. Wajen ƙarfe goma na safe, a kan wani baƙin dutse da ruwa yake fantsama wa, na ga wani farin ɗigo yana sama yana ƙasa. Namiji ne yana ɗaga wa mace ƙafa. Ashe amfanin tutar ke nan, Baba, abin da muka shekara biyu muna tambayar juna. Na daɗe ina kallo kafin na kifa kwalba. Maza uku na samu da mace biyu.

Da ka yarda lokacin da na ce Garam, da mun aika wa duniya abin da ba mu sani ba. Ko yanzu ban ce na farkon daga Lambata yake ba, don ban gani ba. Shi yana nan a kwalbarsa da farar takardarsa.

A kan dutsen na rubuta sabbin takardu, da fensir. Da na zo wurin sunan wanda ya kama, na so in sa naka. Na riƙe fensirin ya fi minti goma. Sai na ji kamar kana tambayata ko kai ka kama. Na rubuta Muhsin. Nasiruddeen, babban ɗanka, ya ce shi zai kai wa Dakta Ibukun ƙudajen da hannunsa, kuma na roƙe ta, in har ya tabbata sabo ne, a sa masa sunanka.

Allah Ya jiƙan ka, Baba Ummaru. Ya yafe maka kamar yadda ka yafe mini ba tare da na roƙa ba. Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Safara'u, da Nasiruddeen, da Tayyiba, da Ikilima, da jikoki da dukkan mutanen Bagama. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa, in tamu ta zo Ya sa mu cika da imani. Amin.