Ganyen Darbejiya a Hanyar Kano

Akwai ranar da ko tsufa ya sa na fara rikita sunayen jikokina, ba na jin za ta fita daga raina. Ita ce ranar da na fara sakin babban ɗana ya ja mota shi kaɗai daga Daura zuwa Kano.

Ni tsohon direba ne, a kan wannan hanyar na yi furfura. Da yaron ya cika shekara sha takwas ya karɓi lasin, na daɗe ina zama a gefensa, kuma na san ba ni da daɗin koyarwa. In ya taka birki in ce ya makara, in ya yi gudu in ce wa ya biyo shi, in ya tafi a hankali in ce jaki ma ya fi shi. Abu biyu na fi nanata masa. Na farko, kada ya kuskura ya taɓa waya yana tuƙi. Na biyu, in ya ga ɗanyen ganye a jere a kan kwalta, ya ɗaga ƙafa daga totur, don da haka muke sanar da juna cewa mota ta lalace ko ta faɗi a gaba. Na ma nuna masa yadda ni nake jerawa: kowane reshe sai na danne shi da dutse, don kada iskar manyan motoci ta kwashe. Abokan aikina sun sha yi mini dariya, wai iyayina ya yi yawa.

Da damina ne, da hantsi ya kama hanya zai kai wa gwaggonsa buhunan gero. Bai jima da tafiya ba wani maƙwabcina ya dawo daga Sandamu a babur, ya ce ana ta maganar haɗari gaba da garin, wai har da wata farar mota a wurin. Tamu fara ce. Nan take na ɗauko waya.

Na kira, wayar na shiga, ba a ɗauka. Na sake kira, na sake, har na fara faɗa ni kaɗai a tsakar gida. Mahaifiyarsa ta dube ni ta ce, "Malam, kai fa ka hana shi taɓa waya. Yanzu kuma don ya ji maganarka kake faɗa?" Da murmushi ta faɗa, amma na ga ta ɗauko carbi ta fara ja.

Na haye bayan maƙwabcin nan muka bi hanya. Ni da na ga haɗari iri-iri a rayuwata, ran nan addu'ar ma kasa haɗa ta na yi, sai "Ya Allah" kawai nake ta maimaitawa. Muna wuce Sandamu na hango ɗanyen ganyen darbejiya a kan kwalta, tun nesa da kwana. Na rufe ido don tsoro. Da na buɗe sai na lura da wani abu: kowane reshe da dutsensa a kai. Nan take na ji hawaye sun zubo mini. Ban ga yaron ba tukuna, amma na san wanda ya jera wannan ganyen da ƙafafunsa ya yi tafiya.

Muna shan kwanar muka ga wata babbar mota ta faɗi da lodin albasa, ta tare rabin hanya. Motarmu tana can gefe a ajiye, ko ƙwarzane babu. Shi kuma yana tsaye da hularsa a hannu, yana ɗaga wa motoci su rage gudu.

Maƙwabcina ya ce, "Alhamdu lillahi. Mu ƙarasa mana."

Na ce, "Juya."

"Haba Malam, ka zo har nan ba za ka yi masa magana ba?"

"In ya gan ni a nan, gobe ko nan garin Dutsi kusa da mu zai je sai ya riƙa waiwayen ko ina bayansa. Juya kawai."

Wallahi ban taɓa yin juyawa mai wuya irin wannan ba. Raina yana so in rungume shi, in karɓi makullin in kai geron da kaina.

Bayan azahar ya kira daga Kazaure, inda ya tsaya salla. Ya ce, "Baba, yanzu na ga kiranka da yawa. Lafiya dai?" Na ce, "Lafiya lau. Dama cewa zan yi ka gaishe da gwaggonka." Har yau bai san na bi shi ba.

A da ina ɗauka koyar da yaro tuƙi shi ne ka zauna kusa da shi kana gyara masa. Ran nan na gane akwai sauran rabin aikin, kuma ya fi wuya: ka yarda abin da ka koya masa ya shiga, ka bar shi da Allah, ka koma gida ka jira.