Ranar da Ke Kwance Cikin Itace

A shekarun da aka fara shari'a, kiɗan dandali ya tsaya a ƙauyenmu na wajen Baure, sai hira ta koma gindin murhun kakarmu, Iya Dije. Takan tura kara cikin wuta kaɗan-kaɗan, kamar mai auna magani. Ba ta yarda a ƙona itace a banza.

Wata rana bayan magariba, ƙanena Sale ya jefa ƙaton guntun gawo a wutar. Ta janye shi, ta yayyafa masa ruwa.

"Kai ɗan nan, ka san abin da ke cikinsa? Rana ce. Kowace bishiya tana shan rana tun tana tsiro, ta ɓoye ta a jikinta. Ku matso ku ji."

Ta ce an yi wani mai gawayi, Tanko, wanda ya sare dajin garinsu kaf, har tsamiyar bakin rijiya. Duk itacen da ya ƙona, sai ranar da ke ciki ta fito, ta rasa wurin komawa, ta zauna a garin. Da farko mutane sun ji daɗi, sanyi ya daina damun su. Daga baya dare ya koma kamar azahar don zafi. Rijiyoyi suka ƙafe, tsuntsaye suka yi shiru. Ran nan matar Tanko ta ga inuwarsa a ƙasa, baƙa ƙirin, alhali rana ta faɗi. Ta duba, ga tata ma. Hasken da ke jefa inuwar ba a ganin sa, sai dai a ji shi a ƙeya.

"Sai suka yi yaya, Iya?" in ji Sale.

"Suka kwashe kayansu suka yi kudu. Tanko ne ya ƙi tashi. Masu shanu sun ce har yau akwai inuwar mutum a kufan, amma babu mutumin."

Muka ƙara matsawa jikin Iya. Babu wanda ya yarda ya waiwaya.

Yanzu ina koyar da kimiyya a Daura. Ina gaya wa ɗalibai cewa itace da kwal da fetur duk tsohon hasken rana ne, kuma hayaƙinsu yana tare zafi ya hana shi fita daga duniya. In na je ƙauye, ina ganin yashi a inda dā gawo yake. Iya ba ta yi mana ƙarya ba, sassauta mana ta yi don muna yara: ta ɗora laifin a kan mutum ɗaya, ta kuma bar wa sauran wurin gudu. Mu kuwa kowa da hannunsa a ciki, kuma ban san inda za mu kwashe kayanmu mu nufa ba.