Asabar Ɗin da Kwamfutar Yayana Ta Yi Magana

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba na jin zai iya kwashe wata Asabar da na yi a gidan yayana a garin Woodbridge da ke Amurka. Lokacin ban daɗe da fara aikin jinya ba, ina zaune tare da shi da iyalinsa. Shi kuwa aikinsa kula da manyan kwamfutocin wani kamfani a Washington, kullum da sassafe yake bin jirgin ƙasa. Sai hawan jinin ido ya cinye masa gani a hankali, har ta kai ba ya bambance komai sai haske da duhu.

A cibiyar da aka koya masa zama da makanta, an nuna masa wata manhaja mai karanta wa makafi abin da ke kan allo. Matsalar ita ce ba ta aiki sai a kan tsarin kwamfutar da kowa ya saba da shi, alhali kwamfutocin ofishinsu duk a kan wani tsari daban mai suna Linux suke. Shugabansa ya ce in ya nuna zai iya aikin da kansa, kujerarsa tana nan. In ba haka ba, sai a nemi wani. Yaya ya ji labarin akwai irin wannan manhaja ta Linux, amma kafin a gama saka ta kwamfutar ba ta da baki. Dole a sami mai ido, matarsa kuma tana wurin aiki, don haka ya ce in ara masa nawa.

Na zauna gefensa ina karanto masa farin rubutu a kan baƙin allo, ban san ma'anar ko kalma ɗaya ba. Alamomin ma ban san sunayensu ba, sai na raɗa musu nawa: sanda mai jingine, ƙugiya, macijin da ya kwanta. Abin mamaki, yana ganewa, yatsunsa na gudu a kan madannai. Na yi ta satar kallonsa, ina tambayar kaina wai me yake gani a cikin kansa.

Muka gama, muka sake kunna kwamfutar, shiru. Muka maimaita, shiru. Har azahar ta wuce, abinci ya huce a kan tebur. Na ga ya jingina da kujera ya daina taɓa komai, ni kuwa ban taɓa ganin ya saduda ba. Can ya ce in tura tambaya ta imel zuwa wani zaure na makafi masu amfani da Linux. Ban ma san akwai su ba. Kafin la'asar wani makaho daga wata ƙasa mai nisa ya ba da amsa: wataƙila tun ɗazu kwamfutar tana magana, sautin ne yake zuwa a kashe, ga yadda ake buɗe shi.

Yaya ya buga abin da na karanto masa. Sai ga wata murya ta fito daga lasifika, kamar mai mura yana magana cikin gwangwani. Na zabura na miƙe. Shi kuwa murmushi kawai ya yi, ya rubuta mata wani abu da Hausa. Ta haɗiye harafin ƙ na "ƙanwata", ta ce da karin harshen Bature, "Sanu da aiki, anwata." Muka yi dariya har hawaye, nasa dai ban tabbata na dariya ba ne kaɗai.

Daga nan ya ƙara mata sauri har na daina tsintar komai, ya lalubo maɓallin allon ya kashe shi. "Auta, je ki ci abinci," in ji shi. "Daga nan zan iya." Ban tafi ba. Na zauna ina kallon allo baƙi ƙirin, shi yana ta aiki, ni ce ban san inda ake ba.

Ranar Litinin ya hau jirginsa da sandarsa da kwamfutar a jaka. Bai bar aikin nan ba sai da ya yi ritaya.

Ni da nake jinyar mutane, a ranar na koyi cewa sau da yawa wanda ya rasa wata gaɓa ba ɗaukarsa yake so a yi ba. Ƙofa ɗaya ce ta rufe masa. Ka taya shi buɗe ta, sannan ka matsa gefe ya wuce da ƙafarsa.