Burodin Gobnait a Gidan Hanora

Gwaggona Gobnait ba ta da kyau, ba ta da fara'a, amma a duk ƙauyenmu babu macen da ta kai ta iya burodi. Gari, tsala, gishiri da ɗan soda, shi ke nan. Ta tsaga gicciye a kai, ta saka a tukunyar ƙarfe, ta tula garwashi bisa murfin. Biki ko rasuwa, nata ake jira.

Sai maƙwabciyarta Hanora Culhane, baƙar munafuka, ta baza cewa ta ga Gobnait a gonarsu da safiyar farkon Mayu, ranar da ake cewa masu sihiri na fita, tana kwashe albarkar shanunsu, wai shi ya sa tsalarta ta fi ta kowa. Ƙarya tsagwaronta. Amma mutanenmu da tsoro! Daga ranar, burodin da Gwaggo ta aika gidan kowa, aladu ake zuba wa. Na ga Gwaggo ta yi kuka sau ɗaya, daga nan ta daina aikawa, ta sa Hanora a ranta.

Ta jira har layi ya zo kan gidan Hanora na karɓar Fada, limamin cocinmu, ya yi addu'a a ɗakinta, maƙwabta su karya kumallo tare. A irin wannan rana ba a shiga gidan mutum da abinci, zagi ne, kamar ka ce matar gida ba ta iya ciyar da baƙinta ba. Gwaggo ta shigo da burodi naɗe a zane, yana turiri, ta dire shi gaban Fada.

"Gobnait, muna da namu," in ji Hanora.

"Na gani, 'yar uwa. Na tausaya wa haƙoran Fada ne."

Shi bawan Allah sabon zuwa ne, bai san komai ba. Ya sa albarka, ya yanka, ya ci, ya ƙara. To wa zai ce abin da Fada ya ci akwai sihiri? Hannuwa suka yi ta miƙowa, burodin Hanora kuwa ko kallo bai samu ba. Wallahi daɗi ya kashe ni.

Saura yanki guda, Fada ya miƙa wa matar gida. "Ɗanɗana, 'yata, ki roƙe ta ta koya miki."

Hanora ta karɓa. Gwaggo ta ja kujera ta zauna dab da ita, ba ta ɗauke ido ba sai da ta haɗiye lomar ƙarshe.